Ba Baffanki Ne Ya Ƙona Littattafan Ba

Mahuta, ranar Laraba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Ummi.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya tsare ki a hanyar da za ki kama jibi, ya tsare ki a inda za ki sauka, ya haɗa ki da mutanen kirki. Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taki. Ke ce ta fari, ban saba zaunar da ke in yi doguwar magana ba, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. Abin da ke tafe da ni kuwa, ko babu kunyar 'yar fari bakina ba zai iya ɗaukarsa ba, shi ya sa na nemi biro.

Shekaranjiya na ce ki je ki yi wa Baffanki sallama kafin ki tafi jami'a, kika ce ba za ki taka gidan mutumin da ya ƙona littattafan babanki ba. Kika ƙara da cewa falsafar da aka sauke shi daga limanci saboda ita, ita za ki karanta har ki ƙure ta, ki dawo ki karantar a zauren nan, kowa ya ji haushi. Na yi shiru, kika ɗauka na goyi bayanki. Ba haka ba ne. Baffanki bai ƙona ko takarda ɗaya ba. Ni na hallaka littattafan, ni kuma na ɗora masa laifin. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke abin da za ki yi da ni da shi.

An kawo ni gidan nan ina da shekara goma sha tara. A ƙarƙashin zannuwan akwatina akwai littattafan soyayya da na tara tun ina makaranta, wasu bangonsu ya tsage saboda yawan aro. Ina son babanki, amma gaskiya rabin wanda nake so ba shi ba ne, wani ne da na ɗinka daga cikin littattafan nan na sa masa rawaninsa. Malam bai taɓa hana ni karatunsu ba. Wata rana ma ya ɗauki ɗaya ya karanta shafi biyu, ya tambaye ni da me yarinyar ta gane saurayin gaskiya yake faɗa mata. Na ce ai ya yi kuka. Ya yi dariya har ya ajiye littafin, ya ce to shi ma albasa na sa shi kuka, sai in riƙa yarda da shi duk ran da ake miya.

Daga nan ya fara zama da ni bayan la'asar, ina ɓarar masara yana yi mini bayanin abin da ke cikin gafakoki ukun da ya gada daga kakansa. Rubutun hannu ne duka, na tauhidi da na manɗiƙi, wato ilimin auna hujja a gane mai ƙarfi da mai rauni. A gefen kowane shafi akwai ƙananan rubuce-rubuce na kakan da na malamin da ya karantar da babanki a Zariya. Ya ba ni labarin yadda sarakunan Bagadaza suka sa aka juyar da littattafan Yunanawa, mutanen ƙasar Girka, zuwa Larabci, Musulmi suka ɗauki likitanci da lissafi da falsafa daga ciki. Ya ce wasu sun yi nisa har suka ce duniya ba ta da farko, suka yi musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Sai wani babban malami ya rubuta littafi ya rushe maganganunsu, ya kafirta su a kan abubuwa uku, amma shi kansa bai yar da manɗiƙi ba, ya ce ma'auni ne, ma'auni kuwa ba shi da addini. Bayansa wani alƙali a Andalus, ɗan Malikiyya irinmu, ya mayar masa da martani. Ƙarshen alƙalin nan aka kore shi daga gari aka ƙona littattafansa, alhali har gobe ana karanta littafinsa na fiƙihu. Malam ya ce tun daga lokacin malamai suka kasu a kan manɗiƙi, wasu suka haramta, wasu suka ce lallai a koya, wasu suka ce ya halatta ga wanda ƙafarsa ta kafu a Alƙur'ani da hadisi. Ya ce rigimar ta girmi garin nan nesa ba kusa ba, kuma a kowane ɓangare akwai masu tsoron Allah.

Ki dubi yadda na riƙe wannan duka, ki ɗauka ɗaliba ce ni. Ba ɗaliba ba ce. Daga baya ne, da baƙin ciki ya sa na yi ta juya maganganunsa a raina, suka zauna. A lokacin muryarsa nake saurare, ina kallon yadda yake juya takarda da yatsa biyu, ina cewa a zuciyata babu macen da ta yi dace irina. Labarin alƙalin da aka kora ya fi komai burge ni, don ya yi kama da littattafaina. In ya shiga hujjojin kansu, hankalina sai ya tafi. Wannan ne kuskurena na fari, kuma duk sauran daga cikinsa suka fito. In kin zauna gaban malami, ki saurari abin da yake faɗa, ba yadda yake faɗa ba. In magana tana da rabi biyu, kada ki tashi sai kin ji na biyun.

Rabin maganar da na ɗauka ga shi. Malam ya taɓa ce mini malaman tauhidi na da sun yi saɓani a kan imanin mutumin da ya ce Allah ɗaya ne don kawai haka ya ji iyayensa na faɗa, ba tare da ya san dalili ba. Wasu sun tsananta. Amma ya ce mafi yawansu sun tafi a kan imaninsa ingantacce ne, kuma manomin da ya dubi tsiron dawa ya ce wannan ba ni na fito da shi ba, ya riga ya kawo hujja. Wannan ƙarshen ne ya wuce ni.

Kina da shekara biyu a lokacin. Muna Islamiyyar matan aure, malama ta tambaya da me muka san akwai Allah. Wata tsohuwa, Inna Kande, mai sayar da daddawa a bakin kasuwa, ta ce ita dai haka ta tarar da iyayenta, haka za ta mutu. Ba wanda ya tambaye ni. Na miƙe, na gyara mayafi, na ce Malam ya ce duk wanda imaninsa ya tsaya a nan to da sauran gyara, sai ya san hujja irin wadda ke cikin littattafan Yunanawa. Na faɗi Yunanawa don a san na san kalmar. Inna Kande ta dube ni, ta ce, “Yarinya, tun ba a haifi uwarki ba nake sallah. Yanzu duk ta tashi a banza ke nan?” Sai ta fashe da kuka. Ni kuwa na zauna ina jin na yi abin kirki.

Kafin sati ya zagayo, magana ta cika gari cewa limamin unguwarmu ya kafirta tsofaffi da littattafan arna. Wani matashin mai wa'azi da bai daɗe da dawowa daga karatu ba ya yi kwana uku yana magana a kan falsafa, ya ce ita ce ƙofar zindiƙanci, duk wanda ya sa hankalinsa gaba da wahayi ya halaka. Bai kama suna ba, ba ya bukata. Malam ya je har rumfar Inna Kande ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya faɗa mata rabin da na yar. Ya kuma aika wa masu sukarsa cewa su zo zaure a buɗe littattafan a karanta tare. Ya shimfiɗa tabarmi ya jira, ba wanda ya zo. Har yau in na tuna tabarmin nan zuciyata tafasa take yi. Mutanen da ba su taɓa buɗe shafi ɗaya ba, ba su san bambancin manɗiƙi da falsafa ba, su suka yanke hukunci a kan mutumin da ya yi shekara goma sha biyu a gaban malami. Sahun sallah ya ragu, ɗalibansa suka janye ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya yi wa 'ya'yansu huɗuba suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Su ne yau suke tare ni da fara'a suna cewa Allah ya jiƙan Malam, ai ba a yi irinsa ba.

Amma ni na ba su wuƙar. Ummi, abin da za ki koya a can, ko kaɗan ne ko mai yawa, kada ki gwada kaifinsa a kan tsohuwa mai sayar da daddawa. Ilimin da ya sa kika miƙe ba a tambaye ki ba, ki tuhume shi.

Baffanki shi ne babba, shi ke riƙe da gandu, kuma yana cikin dattawan masallaci. Ya zo zaure wata ranar Lahadi da hantsi. Na kawo fura na tsaya a bayan ƙofa, na ji yana cewa, “Ka sauka daga limancin nan ka huta, mu ma mu huta. Waɗannan takardun kuma, in ni ne, wuta zan sa musu.”

Malam ya ce, “Limanci na sauka, Yaya. Littattafai kuwa na kakanmu ne, naka ne kamar yadda suke nawa. Ran da ka aiko zan bayar.”

Na san babanki, in ya faɗa zai cika. Na koma ɗaki, kuma wallahi ba tsoro kaɗai nake ji ba, har da wani daɗi. Lokacina ya zo. A duk littattafan da na karanta, akwai ranar da matar ke yin wani abu a ɓoye ta ceci mijinta, daga baya ya gane ya riƙe hannunta. Har kalmomin da zai faɗa mini na tsara.

Kaka ce, an gama girbin dawa ana jiran a kawo dammuna gida. Babban rumbun ƙasa na bayan ɗakin Malam an share shi an yi masa sabon yaɓe, an zuba ganyen dalbejiya da yawa a ƙasansa saboda ƙwari, an bar bakinsa a buɗe ya sha iska. Washegarin zuwan Baffanki Malam ya kai auduga Funtua. Da rana tsaka, gida ba kowa, na kwantar da ke, na ɗaure gafakokin uku a buhu, na hau tsani na zura su da igiyar guga, na sa gora na ja ganye na rufe. Kwana ɗaya tsakani aka kawo dawa. Wanda ya shiga jera dammuna bai lura ba, ko kuma ya taka ya ɗauka tudun ganye ne. Aka cika rumbu, aka liƙe baki da laka, aka kifa jinka.

Da Malam ya dawo ya ga ƙusoshin bango babu komai, ya tambaye ni. Na san in na faɗi gaskiya zai fito da su ya ajiye wa yayansa. Sai na ce, “Yaya ya aiko an kwashe.” Ya ce wa ya zo. Na ce mutum biyu ne, ina bayan labule ban ga fuskokinsu ba. Ya yi salati ya zauna a bakin gado. Ba littattafan ne suka fi yi masa ciwo ba, ya riga ya yi alkawarin bayarwa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce yayansa ya tura maza cikin ɗakinsa ba ya nan, matarsa na ciki.

Matan da suka zo jaje na yi musu kuka, kukan gaske kuwa, don na fara yarda da labarina. A bakinsu kwashewa ta koma ƙonawa, ban gyara ba. Baffanki ya aiko ya rantse bai aiki kowa ba. Malam ya ɗauka yana rufa wa samarin masallaci asiri ne. Baffanki ya ji zafin a ce ƙanensa ya mai da shi maƙaryaci. Wasu ma a gari suka riƙa yi masa barka da ya kawar da ɓarna, har ya gaji da musu ya yi shiru. Kafin shuka ta gaba an raba gandun da ubansu ya bari, aka ja kunya a tsakiyar gonar fadama, aka daina haɗa tukunya. Ke kin taso kin tarar da katanga tsakaninmu da su, kin ɗauka tun asali tana nan.

Za ki ce me ya hana ni fito da su da na ga abin ya kai haka. Kin san mace ba ta buɗe rumbun mijinta, ko leƙawa ba ta yi. Wannan kuma shi ne rumbun da ake ajiyewa sai damina ta yi nisa, bakinsa a liƙe, dawa cike har wuya. Da kaina na zaɓi wurin da na san ba mai taɓawa, na manta ni ma ba zan iya taɓawa ba. Hanya ɗaya ta rage, in buɗe baki in ce na yi ƙarya. Kullum sai na wuce ta gefen rumbun in dafa shi, in ce bari dai ƙura ta lafa.

Sai da masara ta fara goyo aka kai ƙasan rumbun. Malam ya shiga da safe ya kwaso ragowar dawa, ina tsakar gida ina wanke-wanke. Ya daɗe bai fito ba. Da ya sauko daga tsani, a hannunsa akwai maratayin gafaka guda da wani dunƙulen ƙasa mai ɗigon tawada a jiki. Gara ta shigo ta wata tsaga a gindin rumbun. Ba ta damu da dawar ba sosai, ta samu abin da ya fi mata. Rubutun kakansa, da na malaminsa, da nasa, duk sun zama ƙasa.

Ya ce, “Wa ya sa su a nan?”

Na ce ni ce.

Ya ce, “Don me?”

Na ce don in cece su.

Babu riƙe hannu, babu ko ɗaya daga cikin kalmomin da na tsara. Ya ce, “Littattafai sun tafi. Yayana yana nan da rai. Ki je ki wanke shi.”

Ya ce ba zai tona mini asiri ba, don in magana ta fita daga bakinsa ba zan iya zama a garin nan ba, amma in tafi da ƙafata. Ya tattara abin da gara ta bari ya kai gona ya binne a wuri mai tsabta, kamar yadda ake yi wa takardar da ke da sunan Allah. Ya je ya roƙi yayansa gafara bai faɗi dalili ba. Baffanki ya ce gafarar me, tunda har yanzu gari na kiransa mai ƙona littattafai. Gandu bai sake haɗuwa ba.

Kada ki taɓa kare mutum da ƙarya, Ummi, ko da kina ganin shi za ki ceta. Kuma kada ki yanke wa wanda kike so shawara a bayan idonsa. Babanki ya zaɓi ya rasa littattafai ya riƙe ɗan'uwa. Ni na ga na fi shi sanin abin da ya dace da shi, na sa ya rasa duka biyun.

Ban je ba. Na ce sai bayan kaka. Kaka ta wuce na ce sai na haihu. Na haifi ƙanwarki na ce sai bayan Sallah. Sau biyu ya tuna mini, na uku yana kwance a ciwon da bai tashi ba, kina da shekara bakwai. Na ce masa gobe. Bayan rasuwarsa kuma, abin da ya fi komai muni, ƙaryar ta yi mini daɗin zama. Na zama matar malamin da aka zalunta, ana tausaya mini, ana nuna ni. Ina ji ana ba ki labarin wutar da ba a taɓa hurawa ba, ina kallon fuskarki na canzawa in Baffanki ya wuce, shi da ya tsaya a kan karatunki tun daga firamare, ban ce uffan ba. Har yanzu ina karanta littattafaina, ba zan ɓoye miki ba, amma ban taɓa cin karo da wanda matar ciki ta yi abin da na yi ba.

Jiya da la'asar na je. Na same shi a tsakar gida yana gyaran igiyar shanu, matarsa na gefe. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga igiyar guga har dunƙulen ƙasa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, “Shekara goma sha shida.” Ya ce, “Ban ƙona ba. Amma kada ki mai da ni waliyyi a wurin yarinyar. Da an miƙo mini su a ranar, da na ƙona, kuma har yau ban tabbata da na yi kuskure ba. Ki je ki faɗa mata duka.” Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba.

To na faɗa miki duka. Ban ce kada ki karanta falsafa ba, ba ni da ilimin da zan hana ko in halatta, kuma na ga abin da hukuncin marasa karatu ya yi wa gidan nan. In za ki karanta, ki fara kafa ƙafarki a Alƙur'ani da fiƙihu kamar yadda babanki ya yi, ki nemi malami mai tsoron Allah, ki karanta masu suka da masu karewa da hannu biyu. Za ki haɗu da masu ce miki duk mai tsoron falsafa jahili ne. Ƙarya ne, manyan malamai sun ji tsoronta kuma sun san abin da suka gani. Za ki haɗu da masu ce miki duk wanda ya taɓa ta ya bar addini. Wannan ma ƙarya ne, kin fito daga tsatson wanda ya taɓa ta, ya mutu yana kalmar shahada. Abin da na hana ki ɗaya ne, kada ki karanta don ramuwa. Wanda za ki rama a kansa ba ya gidan da kike tsammani, yana ɗakin da ke kallon naki.

Baffanki na zama a zaurensa daga bayan asuba har hantsi. Jibi kafin ki hau mashin zuwa tashar Funtua, ki shiga ki durƙusa ki gaishe shi, ki nemi albarkarsa. Wannan umarni ne, in har ina da sauran ikon ba ki umarni. Ni kuwa ban ce ki yafe mini kafin ki tafi ba. In kin leƙo ɗakina kin yi mini sallama, na gode. In kin wuce, ba zan riƙe ki a zuciya ba, addu'ata za ta bi ki haka nan.

Allah ya kiyaye hanya, ya kare ki daga sharrin mutum da na dare da na rana. Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya ba ki harshen da ya fi nawa nauyi. Allah ya jiƙan babanki, ya saka wa Baffanki da alheri a kan abin da ya ɗauka ba nasa ba. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifiyarki.